Jarumin da Na Bari Ƙarƙashin Jirgi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Ɗa'ifa, ranar Juma'a, ni da maigidana da wata abokiyar aikina da ta ce ita dai a kai ta ta ga teku. Garin akwai sanyi, irin wanda kan sa mutum ya manta a Saudiyya yake. Maigidana ne a sitiyari, ni ina gefensa da fulas ɗin shayi a cinya, abokiyar tawa kuwa kafin mu fita unguwa ta koma barcinta a kujerar baya.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san abin da ya fitar da ni, amma saboda sababbi bari in faɗa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Ɗa'ifa, kuma tun ina yarinya a Jos nake tara mujallun zane na wani jarumin Ingila. Kawuna yana da rumfar tsofaffin littattafai a kasuwa, ni nake zama masa idan an yi hutu. A cikin wani buhun gwanjo na fara cin karo da jarumin: dogon mutum da koren kwat har gwiwa da safar hannu ta ƙarfe, yana iya tallafe gada da kafaɗa, kuma duk shafin da ka buɗe ruwan sama ake yi a garinsu. Shi ya sa ni da ƙannena muka sa masa Mai Damina. Rabin Turancin da na ci jarrabawa da shi a bakinsa na koya. To, fitowa ta ƙarshe da ke cikin buhun nan a mugun wuri ta tsaya. Wani jirgin ruwa cike da mutane ya fashe cikin guguwa, Mai Damina ya shiga ƙarƙashinsa ya tokare, ruwa ya rufe kansa, sai shafi ya ƙare. Na girma, na yi aure, na haihu, na tara wasu fitowar ta hanyar saye a intanet da roƙon duk wanda na ji zai je Ingila, amma wadda ta biyo bayan waccan ban taɓa sa ta a ido ba. Kamfanin da ke buga ta ƙarami ne, ya daɗe da rufewa.

Watan jiya na sa hoton 'yan waɗanda nake da su a shafina, sai wata mata mai suna Safiya ta rubuto mini daga Jidda, Hausarta rabi Larabci. Ta ce mahaifinta yana da irinsu kwali-kwali. Za su tashi daga tsohon gidansu na Sharafiyya, tsohon zai koma wurin ƙaninta a Aziziyya, gidan ƙanin kuma ƙarami ne, ya riga ya ce babu inda za a ajiye takardu. In ina son gani, in zo kafin ƙarshen wata.

Hanyar da ke saukowa daga dutsen Hada ba a saba da ita, ko sau nawa mutum ya bi. Titi ne da aka sassaƙa a jikin dutse, yana naɗewa yana warwarewa, wani lokaci ka leƙa ta taga ka hango kwanar da za ka bi nan gaba can ƙasa da kai, motoci a kanta kamar ƙwaro. Da muka fara gangara gajimare yana ƙasanmu, ba samanmu ba. Rana ta fito ta bayan duwatsu ta buga masa haske, kwarin duk ya koma fari fat. Na ce wa maigidana ya duba, ya ce in ina son mu isa Jidda da rai in bar shi ya dubi titi. Birai sun riga mu tashi, suna zaune a kan katangar gefen hanya layi-layi suna kallon motoci kamar masu jiran albashi. Mun tsaya wurin wani mai sayar da zuma da ruwan wardi da ya fara shimfiɗa kayansa. Da ya faɗi kuɗin zumar maigidana ya tambaye shi ko ƙudajen a jirgin sama aka kawo su. Ruwan wardi kaɗai muka saya, don in kai wa Safiya tsaraba.

Muna sauka ƙasa zafi ya tarbe mu. A shingen bincike aka dubi iƙamarmu, wato takardar izinin zama, aka ce mu wuce. Da yake ba da niyyar Umra muka fito ba, sai muka ɗauki hanyar da ke kewaye Makka, muka yi addu'a daga nesa. Daga nan titi ya miƙe sambal, hamada hagu da dama, manyan motocin kaya suna ta wuce juna.

Jidda tun kafin ka ga teku kake jin sa a fata. Na buɗe ƙofar mota tabarauna ya yi hazo nan take, na tsaya ina lalube. Mun karya a wani ɗan shago da ful da tamis, wato wake da aka dama da man zaitun da faffaɗan burodi mai zafi daga tanderu, sai shayi mai madara da citta. Abinci ne mai arha ƙwarai, mu uku muka ƙoshi muka bar saura. Mai gasa burodin ɗan Afganistan ne, mai zuba waken ɗan Yaman, wanda ya kawo mana shayi kuma da ya ji muna Hausa sai ya ce, "Sannunku da hanya." Bahaushen Sudan ne, bai taɓa taka Najeriya ba.

Da sauran lokaci kafin Juma'a, sai muka zaga ta wajen tashar jiragen ruwa. Ba a barin baƙo ya shiga, amma daga kan gadar da ta bi ta gefenta ana ganin abin da ya isa. Ni dai ban taɓa ganin ƙarfe mai yawa haka a wuri ɗaya ba. Kwantenoni ne jibge kan juna, ja da shuɗi da ruwan ƙasa, har iyakar gani, ga injinan ɗaga kaya sun miƙe sama sun fi benaye tsawo. Bayansu wani jirgi yana tsaye, na ɗauka wata unguwa ce sai da na ga tana da hanci. Tun ina yarinya nake ganin jirgin ruwa a zane, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Ranar na san abin da mai zanen yake nufi da ya sa mutum ɗaya ƙarƙashinsa. Abokiyar aikina ta farka sosai a nan, ta yi ta tasbihi.

Bayan an sauko daga masallaci muka shiga Sharafiyya. Unguwa ce cunkusasshiya, shaguna manne da juna, masu sayar da yadi da waya da kayan miya, kowane allo da rubutu iri biyu ko uku. Mun sha wuya kafin mu sami wurin ajiye mota. Safiya ta fito bakin lungu ta tare mu, mace mai fara'a da ta girme ni kaɗan, ta rungume ni kamar mun shekara da sanin juna. Gidan tsoho ne, rabin kayan an riga an ɗaure. A falo muka tarar da mahaifinta, wanda duk unguwar ke kira Ammu Bakur, zaune a kan darduma ya jingina da bango. Dogon tsoho ne siriri da manyan hannuwa. Tun daga yadda ya juya kai wajen muryarmu na gane idonsa ya tafi, saura ɗan haske kawai.

"Marhaba, ya binti. Ke ce 'yar Jos mai neman Abu Matar?"

Abu Matar, wato uban ruwan sama. Sunan da shi ma ya sa wa jarumin ke nan. Na ce, "Ni ce, Baba. Mu Mai Damina muke ce masa." Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce ashe ruwan nan kowa ya dame shi.

Ba a bar mu mun taɓa kwali ba sai da muka ci sayadiyya, shinkafa ce da aka dafa da romon kifi da soyayyiyar albasa har ta yi duhu, ga kifin Bahar Maliya a kai. Muna ci yana ba mu labari. A Jidda aka haife shi, a tashar jirgi ya yi aiki tun yana saurayi, daga dako har ya kai ga tuƙa injin ɗaga kaya. Akwai wani kuku Bature a wani jirgin Ingila da ke zuwa lokaci-lokaci. Wata rana ya ga Ammu Bakur yana kallon mujallar da aka naɗe wani abu da ita, sai ya ba shi. Daga nan duk zuwan jirgin sai ya sauko masa da ɗauri guda, shi kuma ya kai masa dabino da gahawa. Ba mai jin yaren wani. Haka suka yi shekaru, har wata shekara jirgin ya zo babu kukun, kuma bai sami wanda zai tambaya ba.

Sai Safiya da ƙaninta suka fara fito da kwalayen. Jama'a, na ga tarin mujallu a hotuna, na ga na masu kuɗi da ke sa kowace a leda, amma ban taɓa tsayawa a gaban irin wannan ba. Kwali bayan kwali, har suka tare hanyar kicin. Takardun sun yi ja, suna warin laima da hayaƙin turare, wasu gefensu gara ta taɓa, wasu kuwa kamar jiya aka buga. Ga fitowar farko da na sha jin labarinta, ga waɗanda ban ma san an yi ba. Ba bisa lamba ya jera su ba, bisa zuwan jirgi ya jera, kowane ɗauri da igiyarsa. Na durƙusa a tsakiyarsu. Maigidana ya ce tunda muka yi aure bai taɓa ganin na yi shiru haka ba.

Na sami wadda na zo nema a cikin wani ɗauri na can ƙasa. Bangon ya nuna teku baƙi ƙirin da hannu ɗaya mai safar ƙarfe ya fito daga ruwa. Na zauna da ita a cinya na kasa buɗewa. Ammu Bakur ya ji shirun ya tambayi wacce na ɗauka, na kwatanta masa.

"Ta jirgi," in ji shi. "Na san ta shafi-shafi. Amma ya binti, ni Ingilishi ban iya ba, hoto nake karantawa. 'Ya'yana sun yi makaranta, amma lokacin da suka iya, sun girma, ba ruwansu da Abu Matar. Yanzu hoton ma ya tafi. Ki karanta mini da Hausa in ji me suke cewa."

Haka na fara. Ina karanta Turancin a zuci, ina faɗa da Hausa, ina kwatanta abin da ke cikin kowane zane, shi kuma yana riga ni. Kafin in juya shafi sai ya ce yanzu za a ga mace da jariri a kan tsani, in juya in gan su. Mai Damina ya riƙe jirgin a ƙarƙashin ruwa har aka sauke kowa a ƙananan kwale-kwale. Da ya saki, ƙarfen jirgin ya danne masa hannun dama. Masunta ne suka tsamo shi da safe, da rai, amma hannun ya lalace, ƙarfinsa kuma bai dawo kamar da ba. Na tsaya a nan na share ido. Yarinyar da ke zaune a rumfar kawu ta daɗe tana jiran a ce mata bai mutu ba.

A shafukan ƙarshe an nuna shi kwance a gado, wata tsohuwa mai farin gashi da sarƙa a wuya tana tsaye a kansa ta ɗaga yatsa. Ammu Bakur ya gyara zama.

"Wannan Sarauniyar Ingila ce. Ta zo ba shi lambar girma. Haka na faɗa wa yaran nan tun suna ƙanana."

Safiya ta ce ƙwarai, har wasa suke yi da shi, ita ce sarauniya, ƙaninta Abu Matar. Na dubi rubutun, na dubi tsohon. Na ɗan yi tunanin in bar masa sarauniyarsa, amma karatu ya ce in yi masa.

"Baba, ba sarauniya ba ce. Mahaifiyarsa ce."

"Ummuhu? To me take cewa?"

"Faɗa take masa. Ta ce sai da ya karye sannan ya tuna hanyar gida. Ta ce ya tashi ya sha miya tun da zafinta, kuma ba inda za shi sai ya warke."

Falon ya ɗauki dariya, har da ƙanin Safiya da tun zuwanmu bai ce komai ba sai gaisuwa. Ammu Bakur ya yi dariya har da tari. Sannan ya miƙo hannu na sa masa mujallar, ya shafa shafin da yatsunsa. Da ya sake magana muryarsa ta sauya. Ya ce mahaifiyarsa daga wani ƙauye kusa da Haɗeja ta taso da mijinta da niyyar Hajji, a ƙasa. Suna tafiya suna tsayawa yin aikin gona, ta Chadi, ta Sudan, shekaru suna kan hanya. Ta binne ɗa a hanya. Daga gaɓar Sudan suka hau jirgin katako, iska ta taso musu a tsakiyar teku, suka kwana suna kwarfar ruwa da ƙwarya. A wannan tashar da muka gani da safe suka sauka, tana da cikinsa. Ya ce duk ranar da ya dawo daga aiki da rauni, ko yatsa ya murje, haka take tsayawa a kansa da yatsa a sama, faɗa tukuna, sannan abinci.

"Shekara da shekaru ina kallon matar nan," in ji shi, "ban gane ta ba."

Can aka kira la'asar. Ni ina zaune ina kallon tsohon nan, ina lissafa nisan da ke tsakanin Haɗeja da wannan falo, da ƙafa. Na zo ganin jarumin takarda, ga shi ana ba ni labarin matar da ta ratsa rabin Afirka, ta haye teku da ciki da ƙwarya.

Bayan salla ƙanin Safiya ya zauna kusa da mahaifinsa. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Ya ce shi bai san abin yana da wannan nauyin ba, in Baba yana so zai nemi wuri ko a saman kabad ne. Tsohon ya girgiza kai.

"Halas, ya waladi. Gidanka na 'ya'yanka ne. Takarda tana son mai ido." Ya juyo wajena. "Ki kwashe duka, ya binti. Amma ta jirgi ba zan ba ki ba. Wannan tare za mu koma Aziziyya."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ɗan motsa. Ita kaɗai na zo nema, ita kaɗai aka hana ni. Amma ina kallon yadda ya riƙe ta a ƙirji na san ba tawa ba ce. Na nemi izini na ɗauki hoton shafukan da waya, na ce masa na gode, Allah ya ƙara lafiya. Ya ce akwai sharaɗi: sauran ma bai san me suke cewa ba, kuma Safiya ta iya kiran waya.

Mun kwana a wani masauki a Aziziyya, mai tsafta, kuɗinsa daidai aljihun ma'aikaci, sai dai na'urar sanyaya ɗakin tana ƙara kamar injin markaɗe. Da safe muka cika wa abokiyar aikina alkawari muka kai ta bakin teku. Ruwan shuɗi ne mai haske a kusa, can nesa kuma ya yi duhu, jiragen kaya sun yi layi suna jiran shiga tasha. Ta cire takalmi ta taka ruwan, ta kira mahaifiyarta a Gusau ta juya mata waya don ta gani. Daga nan muka koma Sharafiyya ɗaukar kaya. But ɗin mota ya cika, kujerar baya ta cika, abokiyar tawa ta yi tafiyar dawowa da kwali a cinya wani a ƙarƙashin ƙafa. Safiya ta cusa mana ledar tsire, wanda a can ma Hausawa ne ke gasa shi, da gorar sobiya mai sanyi, wani abin sha na can. Ammu Bakur ya rako mu har bakin ƙofa yana dafe da bango, ya ce, "Yalla, Allah ya kiyaye hanya. Ku hau dutsen nan a hankali, kun ɗauko Bature mai nauyi."

Gaskiyarsa, motar ta ji hawan. Mun iso Ɗa'ifa da yamma lafiya lau, maigidana ya yi ta jigilar kwalaye zuwa hawa na biyu yana cewa shi ma a sa shi a mujalla.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan ya wuce kwalaye. Na daɗe ina ɗaukar tarin nan abin kaina ni kaɗai, abin da ake yi mini dariya a kai a wurin aiki. Ashe lokacin da nake zaune a rumfar kawu, akwai wani a gaɓar Bahar Maliya yana buɗe shafukan nan, yana ba su ma'ana da abin da ya sani. Na kuma koyi cewa tsofaffin Hausawan Jidda kowannensu yana ɗauke da tafiyar da ta fi duk wadda za mu yi a mota, kuma ba sa faɗa sai an zauna. In kuna da irinsu a kusa, ku zauna.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar Safiya takan kira, ta sa wayar kusa da kunnensa, in kwance ɗauri in karanta masa guda. Wancan makon mun kai inda wani mai baƙar hula, wanda Ammu Bakur ya tsana tun yana saurayi, ya zama ashe ɗan sanda ne mai taimakon jarumin. Tsohon ya ce in sake dubawa da kyau, shi mutumin nan fuskarsa ba ta yi masa ba.